Hannun Wofa Dapaah da Teburin da Ke Fizga

Tun da asuba, kafin masu koko su ɗora tukwane a bakin titi, Wofa Dapaah ya riga ya buɗe shago. Yakan share ƙurar ƙarfen jiya daga kan injinsa, ya kunna famfon mai, ya saki teburin injin ya riƙa kai da kawowa babu komai a kansa. Sai ya ɗora tafin hannunsa na dama a gefen teburin, ya rufe ido, hannun yana bin sa dama da hagu. Haka na same shi ranar da na fara aiki a shagon, haka kuma na same shi a safiyar da abin ya soma fitowa fili. Sai dai a wannan safiyar, da ya ji motsina, ya janye hannun ya cusa shi cikin aljihu.

Sunana Amoateng. Injin juya ƙarfe nake riƙe da shi a shago ɗaya da nasa a Suame Magazin, unguwar makanikai, a nan gashina ya yi fari. Ban iya yabon mutum ba, kuma ban yarda da abin da mutum ya faɗa game da kansa ba sai na ga aikinsa. Abin da na ga Wofa ya yi shi zan faɗa.

Injinsa na gogar ƙarfe ne. Dutse mai juyawa a sama, tebur a ƙasa, maganaɗisu a kan teburin yana riƙe abin da za a goge. Mai ne ke tura teburin: famfo ya zuƙo shi daga tankin da ke cikin gindin inji, ya tura shi cikin silinda, tebur ya tafi, bawul ya juya man, tebur ya dawo. Makanikai suna kawo masa kan injin mota, wato murfinsa na sama, da zafi ya lanƙwasa, ya goge fuskarsa ta miƙe. Abin da yake cirewa bai kai kaurin gashi ba. In tebur ya yi tafiya ɗaya, aiki ya fito kamar madubi. In ya ɗan tsaya ko ya zabura, dutse ya ci wani wuri fiye da wani, gaskit, shimfiɗar da ke toshe tsakanin kan da jikin inji, ba zai zauna ba, ruwa ya haɗu da mai a cikin motar mutane.

Daga wani ƙauye bayan Mampong ya fito, ɗan manomin koko da bai so gona ba. Ya zo Magazin yana saurayi, ya koyi aiki a hannun marigayi Masta Gyimah. Yana cikin waɗanda suka sauke injin nan daga mota lokacin da aka kawo shi daga tashar jirgin ruwa ta Tema, tsoho tun a lokacin, da rubutun Turawa a jikinsa da babu wanda ya damu ya karanta. Tun ranar ba wanda ya riƙe shi sai Wofa. Kowa Wofa yake ce masa, wato kawu, har waɗanda suka girme shi. Matarsa ta rasu da daɗewa. Yana da 'ya ɗaya da ke aure a Sunyani. Ranar Lahadi yana rera waƙa a coci, ranar Asabar in akwai jana'iza ya yafa baƙin zane ya je. Abincinsa na rana ba ya canzawa: dafaffiyar ayaba da miyar ganyen gwaza daga rumfar Maame Pokuaa. Ƙarfen da ake murɗa maganaɗisu da shi, ɗan guntu mai lanƙwasa, a aljihunsa yake kwana. Bai taɓa barin sa a shago ba.

Ba ya saurin aiki. Direba zai tsaya a kansa yana faɗin fasinjoji na jira, shi kuwa ko ɗaga kai ba zai yi ba. Sunansa a tafin hannunsa yake. Yakan ji ciwon inji kafin kunne ya ji. Yana aiki, hannun dama kullum yana kan sandar da ke ƙara wa tebur gudu ko rage shi, na hagu a kan keken sauke dutse.

A daminar da rafin bayanmu ya shigo mana har gwiwa, layinmu gaba ɗaya ya fito. Haka muke yi a Magazin, yau a ɗaga injinka gobe a ɗaga nawa, ba a tambayar lada. Muka ɗora kowane inji a kan katakai masu kauri da masu ƙera bodin manyan motoci suka ba mu, ragowar aikinsu, duk an shafe su da shuɗin fenti. Ruwa ya janye, injuna suka zauna a kan katakan, muka manta da su.

Matsalar ta fara a hankali. Wani makaniki ya ce aikin Wofa bai kai na da ba. Wani ya kai nasa layin ƙasa bai ce komai ba. Sannan Ntim, direban motar haya ta trotro mai bakin tsiya, ya dawo da kan injin da aka goge masa, ya dire shi a ƙofar shago.

"Wofa, ina kwana. Ka ga abokinka ya ce yana kewarka."

Wofa ya dube shi.

"Motata tana shan ruwa kamar mai zazzaɓi. Na buɗe mai na tarar da shi fari kamar madara. In shayi nake so ai na san inda ake sayarwa."

Wofa ya ɗauko miƙaƙƙen ƙarfen awo ya ɗora a fuskar aikin, ya durƙusa ya duba ta gefen haske. Ni ma na duba. Haske yana ratsawa a wurare. Da ya karkata ƙarfen ga rana sai ga layi-layi kamar sawun ruwa a kan yashi.

Kyeremeh mai walda, maƙwabcinmu, ya leƙo da gilashinsa a goshi.

"Tsoho, rawar coci ce ba ta sake ka ba har Litinin? Ka riƙa barin ta a can mana."

"Je ka liƙe bokitinka," in ji Wofa.

An yi dariya, amma ba da yawa ba. Kowa ya san abin da Kyeremeh yake nufi. Mun daɗe muna ganin yadda cokali ke kaɗa bakin kwano in Wofa yana shan koko. Ba wanda ya taɓa faɗa a gabansa sai ranar.

Da yamma Madam Afrakoma ta kira shi. Ita ce 'yar Masta Gyimah, ita ke da shagon yanzu. Wofa ya goya ta tana jaririya. Ba muguwa ba ce, kuma ba ta kewaye-kewaye. Ɗakinta allo ne kawai ya raba shi da injina, na ji komai.

"Wofa, zauna."

"Tsayuwa ta fi mini."

"Aiki yana dawowa. Kai ka san ba a taɓa yi mana haka ba."

"Tebur ne yake fizga."

"Na tsaya a kansa jiya da safe, ban ga ya fizga ba."

"Da safe ba ya yi. Sai rana ta ɗaga."

"Sai ka gaji, kake nufi?"



"Hannunka yana kan sandar gudu daga safe har yamma," in ji ta. "In hannun ya motsa, tebur zai motsa. Ba sai na yi karatun inji ba na san wannan. Na yi waya da 'yarka. Ta ce ɗaki yana nan."

"Afrakoma, ke kika kira ta?"

"Ni na kira ta. Ka tuna Asamoa na layin ƙasa? Dutse ya fashe masa a fuska. Yau matarsa ke ba shi abinci a baki. In inji ne, ka gyara shi, ka ci gaba da aikinka, in ba ka haƙuri a gaban kowa. In ba inji ba ne, Wofa, ba zan jira in ɗauke ka a cikin tabarma ba. Injin in ba masu narka ƙarfe, kai kuma ka tafi Sunyani."

Ya fito ya wuce ni. Fuskarsa ba ta nuna komai ba.

Washegari ya fara. Ya duba ɗan gilashin da ke gefen hagu na gindin inji, wanda ake ganin mai ta cikinsa. Man yana kan layi, cif. Ya kunna, ya buɗe tebur ya yi tafiyarsa mafi tsawo, ya sassauta ƙusar fitar da iska a bakin silinda. Da farko mai ne ya fito. Da rana ta ɗaga, inji ya ɗauki zafi, sai kumfa. Famfo ya soma wani kuka siriri, yana hawa yana sauka, irin wanda ake ji a haƙori. Ya bar kumfar ta ƙare ya ɗaure. Tebur ya natsu na ɗan lokaci. Kafin mu ci abincin rana kukan ya dawo.

"Iska ce," in ji shi. "Tana shiga ta wani wuri."

"To ai ka gano," na ce.

"Na gano ɓarawo ya shiga. Ban ga ƙofar ba."

Ya kashe inji, ya kwance bututun da ke zuƙo mai, ya zaro shi ta 'yar ƙofar tanki. Bakinsa jiƙe da mai. Rariyar da ke bakin tana da ɗan datti, ba wanda zai hana komai ba. Ya wanke ta da kananzir. Ya toshe bututun ya hura shi cikin bokitin ruwa ko zai ga tsaga. Babu. Ya mayar, ya canza robobin mahaɗa, ya ɗaure da kyau. Rana ta ɗaga, famfo ya yi kuka.

Ya kwance bawul ɗin da ke juya tebur. A nan ne na ga abin da ban so gani ba. Akwai wani ɗan ƙwallon ƙarfe a ciki, bai fi ƙwayar gyaɗa ba, da siririn sifirin a bayansa. Ya ɗauki ƙwallon zai mayar, ya suɓuce. Ya sake ɗauka, ya sake suɓucewa, ya gangara ƙarƙashin bencina. Na ɗauko na miƙa masa. Bai karɓa ba, ya nuna mini ramin da haɓarsa. Na saka.

Bawul lafiya. Ya zaro sandar silinda, ya kai robobinta wa mai yankan roba aka yanko sababbi. Ya ɗaga tebur, mu huɗu muka kama masa, ya duba hanyoyin da yake zamewa a kai, ya busa ramukan mai. Madam ta sayo sabon mai, aka zubar da tsohon, aka zuba har ya taɓa layin gilashi. Duk wannan, rana na ɗagawa, famfo sai ya yi kukansa.

Abin da ya fi ci masa rai, fizgar ba ta da lokaci. Yakan tsaya da hannuwa a baya yana kallon tebur, tebur ya yi ta tafiya sumul kamar yana yi masa ba'a. Da ya gaji ya kai hannu kan sanda, sai teburin ya ɗan yi tuntuɓe. Kyeremeh ya daina wasa da shi, wannan ya fi wasan muni. Masu kawo aiki suka koma gaishe shi da murya ƙasa-ƙasa, kamar a gidan makoki.

Ran nan da rana tsaka, ya ɗora wani guntun ƙarfen gwaji, ya sauke dutse kaɗan, ya ja da baya ya harɗe hannuwa a ƙirji. Ina kallo. Tebur ya kai tsakiya ya tsaya cik, dutse yana ci a wuri ɗaya, tartsatsi ya koma ja. Sai ya zabura ya tafi da gudu ya daki ƙarshensa. Duk shagon ya amsa. Wani ɓalli ya fita daga gefen dutsen ya wuce ta kusa da kunnen Wofa ya huda kwanon rufi. Muka ɗaga kai muka ga rana ta cikin hudar.

Ya kashe inji. Ya juyo gare ni.

"Ina hannuna yake?"

"A ƙirjinka."

"Ka gani da idonka?"

"Na gani."

Na faɗa wa Madam. Ta dubi hudar rufin ta daɗe.

"To inji ne ke nan," na ce.

"Injin da aka buɗe cikinsa kaf ba a ga ciwo ba," in ji ta. "Amoateng, da ɓallin nan ya ɗan karkata, me zan faɗa wa 'yarsa? Ko shi ne ko injin ne, abu ɗaya zan yi."

Masu narka ƙarfe suka zo su biyu. Suka kewaye injin suna ƙwanƙwasa jikinsa da ɗan guduma, suna magana a kan ta inda za a fara fasawa, kamar mahauta a gaban sa. Wofa yana zaune a kan kujerarsa yana cin ayabarsa. Ɗayansu ya ce masa, "Baba, ka sha aiki da wannan." Wofa ya ce, "Ɗauke ƙafarka daga kan wayar wuta." Suka ce za su dawo da mota in Madam ta kira.

Da suka tafi ya sa sabon dutse, ya kunna famfo, ya kira ni.

"Kawo hannunka."

Ya kama wuyan hannuna ya ɗora tafina a gefen tebur.

"Kafin ya fizga yana yin wata 'yar tsuma. In na san a ina take farawa, zan san inda zan duba. Me kake ji?"

"Ƙarfe mai ɗumi."

"Rufe ido."

Na rufe. "Ƙarfe mai ɗumi a cikin duhu."

Ya saki hannuna. "Shekara nawa kana cin abinci da wannan hannun?"

"Kai fa, me naka ke ji?"

Ya dubi tafinsa. "Tsuma yake ji. Ko an kashe inji tsuma yake ji."

Wannan ne karo ɗaya da na ji ya faɗi abin da bakinsa.

Ya kashe famfo ya fita. Na ɗauka gida ya tafi. Sai ga shi ya dawo da kwanon Maame Pokuaa, farin kwanon tasa mai shuɗin layi kewaye da cikinsa, ita kuma tana ɗaga murya daga rumfa.

"Dapaah, in ka shafa mini baƙin mai a kwano, kai da cin ayabata sai a lahira."

"Ruwa kawai zan zuba, uwar masu faɗa."

Ya ɗora kwanon a tsakiyar maganaɗisu, ya zuba ruwa har layin. Ruwa ba shi da tsufa, in ji shi, in tebur ya yi tsuma zai nuna. Ya kai hannu zai kunna, sai ya tsaya. Ya sunkuya har haɓarsa ta kusa taɓa tebur.

"Amoateng. Zo ka duba."

A gefen hagu ruwan ya haye layin. A gefen dama bai kai ba, da saura kamar faɗin farce.

"Kwanon ne ya lotse," na ce.

Ya juya kwanon, gaba ya koma baya. Ruwan bai bi kwanon ba. Hagu dai ya haye, dama bai kai ba.

Ya durƙusa a hankali, gwiwa ɗaya sannan ɗayar. Ya leƙa ƙarƙashin inji inda ba wanda ya leƙa tun ambaliya. Katakan suna nan da shuɗin fentinsu, lafiya lau a ido. Ya ɗauki sukundireba ya soki na dama, ƙarfen ya dawo. Ya soki na hagu, ya shige har mariƙi kamar cikin burodi. Da ya zare, gari ya biyo shi, da fararen gara suna motsi a ciki.

Masu ƙera bodi suna aiki da katako iri biyu, mai tauri na gindi da mai taushi na gefe, kuma komai fenti ɗaya suke shafa masa. Ranar ambaliya, ruwa har gwiwa, ba wanda ya tsaya tambayar wane ne wane. Na hagu mai taushi ne. Danshi ya shige shi, gara ta cinye cikinsa ta bar fatar fenti, inji yana ta nitsewa ta wannan gefen kaɗan-kaɗan, yadda idon da ke ganinsa kullum ba zai lura ba.

Wofa ya zauna a ƙasa ya jingina da bencina.

"Gilashin duba mai yana hagu," in ji shi. "Man ya taru a can, ya nuna mana ya cika. Bakin bututu yana dama, inda ya zama tudu. In inji na kashe, duk man ya sauko tanki, ya rufe bakin. In ya ɗauki aiki, man ya hau sama cikin silinda da hanyoyi, bakin ya riƙa leƙowa yana haɗiyar iska. Mu kuma muna zubawa zuwa layi muna cewa ya isa."

"Da mun ƙara mai kawai?"

"Da ya yi shiru, mu ci gaba da tsayawa a gefensa har ranar da katakon zai gama."

Na dubi inda yake tsayawa kullum in zai canza aiki. Gefen hagu ne, inda injin zai faɗo.

Aka kira layi. Kyeremeh ya kawo jak ɗin manyan motoci da farantan ƙarfe da ya yanka. Hadari yana haɗuwa ta gabas, shagon ya yi duhu. Da jak ya fara ɗaukar nauyi, katakon ya yi wata ƙara ya ruguje gaba ɗaya, injin ya sunkuyo ta hagu, ya tsaya a kan jak kaɗai, yana ɗan lilo. Wofa ya ɗauki faranti zai tura ƙarƙashi, farantin yana kaɗa gindin inji, kaf-kaf-kaf. Kyeremeh ya karɓe shi daga hannunsa.

"Tsoho, kai ka duba ruwa. Wannan aikin marasa hankali ne, bar mana."

Haka aka yi. Shi yana kan kwano yana cewa a ɗaga, a tsaya, a ƙara siririn faranti ta baya. Mu muna ƙasa. Har ruwan ya kwanta a kan shuɗin layi ta ko'ina. Aka aro ma'aunin da magina ke duba daidaiton gini da shi aka ɗora, ya yarda da kwanon.

Da muka duba gilashi, man ya sauka ƙasa da layi sosai. Ya zuba har ya cika cikar gaskiya. Ya kunna, ya buɗe ƙusar iska, kumfa ta fito ta fito ta ƙare. Muka bar shi yana tafiya har jikinsa ya yi zafi, zafin da ya saba kawo kukan. Famfo bai yi kuka ba. Kwanon yana tafiya dama da hagu, ruwan yana ɗan karkata in tebur ya juya, ya koma ya kwanta.

Madam ta tsaya ta kalla har ta gamsu. Sannan ta juya ga mutanen da suka taru.

"Ku ji da kunnenku. Inji ne, ba shi ba ne. Wofa, na yi maka laifi, ka yafe mini. Zan kira 'yarka in ce ta ba wani ɗakin."

"Ta ba ni," in ji Kyeremeh. "Matata ta kore ni tun jiya."

Aka yi dariya ta gaske. Ntim, da ya ji labari, ya turo kan injinsa a baro yana cewa shi dama bai taɓa shakka ba. Yayyafi ya fara, kowa ya ruga ya rufe kayansa. Shagon ya rage ni da Wofa.

Tebur yana tafiya, kwano a kai. Wofa ya goge hannunsa da tsumma, ya matsa inda yake tsayawa, ya ɗora hannun dama a kan sandar gudu kamar yadda ya saba in zai fara aiki.

Fuskar ruwan ta yi yamutsi. Ƙananan zobba, suna ta fitowa daga gefe zuwa tsakiya.

Ya ɗauke hannun. Ruwan ya kwanta.

Ya mayar. Zobban suka dawo.

Ya gwada da hagu. Sun ragu, amma suna nan.

Ruwan sama yana ɗiga ta hudar da ɓallin dutse ya yi, yana sauka kusa da ƙafarsa.

"Ka gani?"

"Na gani."

"Ita ba ta gani ba."

"Ba ta gani ba. Ba kuma daga bakina za ta ji ba."

"Ban tambaye ka ba."

Ya sauke kwanon ya ajiye a kan kujerarsa. Muka ɗora kan injin Ntim, ya fito da guntun ƙarfensa daga aljihu ya murɗa maganaɗisu, ya girgiza aikin ya ji ya kamu. Sannan ya ja da baya ya nuna mini wurinsa.

"Ni mai juya ƙarfe ne, Wofa."

"Yau kai mai hannu ne. Ni ne kunne. Tsaya nan."

Na tsaya. Ya sa hannuwansa biyu a baya.

"Sauke. A hankali, ba rijiya kake haƙa ba. Tsaya. Ka ji ya taɓa? Bar shi ya wuce. Kada ka kalli tartsatsi, ƙarya yake yi, saurari dutse. Sauke kaɗan. Rabin wannan."

Gumi ya jiƙa mini riga. Da muka gama ya ɗora ƙarfen awo, ya durƙusa ya duba ta gefen haske, ya juya shi ta kowace kusurwa. Haske bai ratsa ba.

"Ba laifi," in ji shi. A bakinsa wannan babban yabo ne.

Ya kashe inji. Ya share ƙurar ƙarfe daga kan tebur, ya shafa wa maganaɗisu ɗan mai kamar kowace yamma. Ya saki aikin Ntim, ya zare guntun ƙarfen. Na ga hannunsa ya nufi aljihu, ya tsaya a hanya. Ya taka zuwa tagar ɗakin Madam, tana ciki tana waya, ya ajiye ƙarfen a kan dakalin tagar inda za ta gani in ta juyo.

Na ce, "Wofa, ai ta yarda ka ci gaba da aikinka."

"Na ji ta."

Ruwan ya ɗan tsagaita, amma gabas ta sake yin baƙi, rafin baya kuma ya fara ƙara. Ya zubar da ruwan kwanon a bakin ƙofa, ya duba cikinsa ya tabbata babu ɗigon baƙin mai. Ya riƙe shi da hannu biyu, ya tsallaka kwata, ya miƙa wa Maame Pokuaa. Ta ce masa wani abu ban ji ba. Ya gyaɗa kai, ya cusa hannun dama cikin aljihu, ya hau layi ya nufi titi.